Idan magani ya ƙi ciwo: me gidajen jinyar ƙarshen rayuwa ke yi wa mara lafiya da iyalinsa?

Akwai maganar da likitoci ke faɗa a asibitocin duniya, kowa da harshensa: “Mun yi iya ƙoƙarinmu, babu sauran abin da za a yi.” Rabin maganar gaskiya ne. Ciwon dajin da ya bazu ya kama hanta da ƙashi, ko zuciyar da ta gaji har ta kasa tura jini, ko ƙodar da ta daina aiki a jikin dattijon da ba zai jure wankin ƙoda ba, kowanne akwai inda yake kaiwa warkewa ta fita daga lissafi. Ɗaya rabin kuwa kuskure ne mai tsada. Mutumin da ba zai warke ba yana nan da ransa, wata biyu ne suka rage masa ko shekara, kuma a cikin wannan lokaci zai ji zafi, zai yi haki, barci zai gagare shi, zai damu da 'ya'yansa. Kowanne daga cikin waɗannan akwai abin da ake yi a kansa. Wannan aikin shi ne sana'ar gidajen jinyar ƙarshen rayuwa, waɗanda Turawa ke kira hosfis.

Sunan kan sa mutum ya zaci wani gini ne da ake kai mutane su jira ajali. Gine-ginen suna nan, amma mafi yawan aikin a gidan mara lafiya ake yin sa, a kan gadonsa, cikin iyalinsa. Ayari ne ke ɗaukar nauyin: likita, nas, mai taimakawa wajen wanka da gyaran shimfiɗa, jami'in walwala, masanin motsa gaɓoɓi, malamin addinin mara lafiyan idan yana so, sai 'yan sa-kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace manufar wannan jinya: ba ta gaggauta mutuwa, ba ta kuma jinkirta ta. Don haka ba ta da alaƙa da abin da wasu ƙasashe suka halatta na taimaka wa mara lafiya ya kawo ƙarshen rayuwarsa. Matar da ta kafa tsarin ma ta yi adawa da wannan har ta bar duniya.

Sunanta Cicely Saunders, 'yar Ingila. Ta fara da aikin nas, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma jami'ar walwala a asibiti. A 1948 ta yi jinyar wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Folan mai suna David Tasma, wanda ciwon daji ya kashe yana da shekara 40. Ya bar mata fam 500 don gidan da suka yi ta zancen ya kamata a gina wa irinsa. Da ta ga likitoci ba za su saurari wadda ba likita ba, sai ta koma makaranta ta zama likita a 1957, ta yi shekaru tana aiki a gidan jinya na St Joseph's a gabashin Landan, tana naɗar muryoyin marasa lafiya suna bayyana ciwonsu da bakinsu. A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin birnin da gado 54, bayan shekara biyu ta ƙara da sashen bin marasa lafiya gida. Kafin ita akwai gidajen da matan coci ke karɓar masu mutuwa, a Liyon ta Faransa tun 1842, a Dublin tun 1879. Abin da ta ƙara shi ne bincike da koyarwa, wato ta mai da tausayi ilimi mai ƙa'ida. A gidan da ta gina ta rasu a 2005.

Daga waɗancan muryoyi ta fahimci cewa zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na ƙari da ke danne jijiya, akwai tsoro, akwai damuwar bashi da makomar yara, akwai tambayar da mutum ke yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Kuma suna ciyar da juna: mai fargaba ya fi jin zafin ƙashi, wanda zafi ya hana barci ya fi saurin yanke ƙauna. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya iya aikin.

Zafi da tsoron morfin

Duk da haka daga jiki ake farawa, domin wanda ke murƙususu ba ya iya wasiyya, ba ya iya ibada a natse, ba ya ma iya gane wanda ya zo gaishe shi. A zamanin da Saunders ta soma aiki, al'adar asibiti ita ce a jira sai mara lafiya ya yi kuka sannan a yi masa allura. Sai ya samu sauƙin awa uku, zafin ya dawo, ya daure, ya roƙa, a ce lokaci bai yi ba. Mutum ya wuni yana kallon agogo yana jin tsoron abin da ke tafe. Ita ta juya abin: a ba da morfin, maganin zafi mai ƙarfi, ta baki, bisa agogo, duk bayan awa huɗu, tun kafin zafin ya taso. Kamar wuta ne, yayyafa mata ruwa tana ƙarama ya fi sauƙi a kan kashe ta bayan ta kama rufin ɗaki. Wanda ake bai wa magani a kan kari sau da yawa jimillar abin da yake sha ba ta kai ta wanda aka bari ya galabaita ba, kuma hankalinsa na jikinsa.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wannan a matsayin matakai uku. A fara da irin su farasitamol. Idan bai isa ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin. Idan har yanzu da saura, a kai ga morfin. Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Ana farawa da kaɗan, a duba gobe, a ƙara, har a kai inda zafin ya kwanta mutum kuma yana farke. Ana kuma ajiye wani ɗan ƙari a gefe, wajen kashi ɗaya cikin shida na abin da yake sha a yini, don zafin da ke fasowa ba zato, misali lokacin juya shi ko wanke masa gyambo. Idan haɗiya ta gagara, akwai 'yar na'ura mai batir da ke tura maganin a hankali ta ƙarƙashin fata tsawon awa 24, ba sai an yi ta neman jijiya ba.

Nan ne iyali kan ja da baya, kuma tambayoyinsu biyu ne kusan ko'ina. Ta farko: “Ba zai kamu da jarabarsa ba?” Ta biyu, wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa: “Ba shi zai ƙarasa shi ba?” Tsoron na da tushe, domin annobar shan irin waɗannan ƙwayoyi ta hallaka ɗimbin jama'a a Amurka, kuma morfin da aka ɗura da yawa lokaci ɗaya ga jikin da bai saba ba yana iya tsayar da numfashi. Sai dai wannan daban ne da abin da ake yi a jinya. Idan aka bi ƙa'idar farawa da kaɗan ana ƙarawa gwargwadon zafi, bincike bai nuna yana gajarta kwana ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a wurare da yawa ba a fito da morfin sai ana gobe mutum zai cika, sai iyali su ɗora laifin a kan allurar ƙarshe alhali ciwon ne ya kai maƙura. Jinkirin ya haifi zargin, zargin kuma ya ƙara jinkirin. Batun jaraba kuwa, jiki yana sabawa da maganin, don haka ba a yanke shi farat ɗaya, amma wannan ba shi ne jarabar mai neman maye ba. A ganina, hana mai makonni shida a duniya barci saboda tsoron kada ya lalace nan da shekara biyar ba taka-tsantsan ba ne, rashin lissafi ne.

Morfin na da nasa matsalolin na gaskiya. Gyangyaɗi da tashin zuciya kan lafa cikin 'yan kwanaki. Taurin bayan gida shi ne ba ya lafawa, shi ya sa ƙwararriyar nas ba ta miƙa kwalbar morfin ba tare da maganin sassauta ciki ba. Kuma ba kowane zafi yake ji ba. Zafin jijiya, mai kama da ƙuna ko jan lantarki, ya fi jin irin su amitiriftilin da gabafentin. Ƙashin da daji ya ci sau da yawa zama ɗaya a gaban na'urar ƙona ƙari da haske yana kwantar da shi. Wannan na nuna cewa shiga jinyar ƙarshe ba rabuwa da asibiti ba ne gaba ɗaya. Ana ci gaba da duk abin da zai kawo sauƙi, a ajiye abin da wahalarsa ta fi amfaninsa.

Sarƙewar numfashi ta fi zafi firgita mutane. Ana zaunar da mara lafiya, a buɗe taga, a sa ƙaramar fanka tana busa masa fuska, abin da bincike ya tabbatar yana rage jin shaƙewa, a ba shi morfin ɗan kaɗan. Akwai gyambon kwanciya da ake karewa ta hanyar juya mutum a kai a kai, akwai ruɗewa da fizge-fizge na dare, wanda wani lokaci sababinsa fitsari ne ya taru ya kasa fita, ba wani abu ba.

Sai rigimar abinci, wadda ta fi kowacce ɓata ran iyali. “Baba, ka daure ka ƙara cokali ɗaya.” Shi kuma ya kau da kai. 'Yar ta fita tana hawaye tana ganin mahaifinta na kashe kansa da yunwa, ko kuma ita ce ta gaza. Aikin nas ne ta zaunar da ita ta yi mata bayani: ba rashin ci ne ke kashe shi ba, kusantowar ƙarshe ce ta ɗauke masa sha'awar ci, jikin ba ya iya sarrafa abin da aka zuba masa. Ɗura na iya sa ya ƙware abincin ya faɗa huhu. Ƙarin ruwa ma, wanda iyali ke ganin shi ne alamar ana kula, a kwanakin ƙarshe yana iya taruwa a ƙirji da ƙafafu ya ƙara haki, don haka ana duba kowane mutum da halinsa. Abin da ya fi damun mara lafiya shi ne bushewar baki, kuma wannan hannun 'yarsa na iya magance shi da tsumma mai laima da ɗan man leɓe. A ba shi abin da ya nema, gwargwadon da ya nema, ko da lomar ba ta wuce ɗaya ba.

Wa zai faɗa masa?

“Don Allah likita, kada ku gaya masa.” Wannan roƙon ana jin sa a nahiyoyi duka, kuma ƙauna ce ke kawo shi. Sai dai jiki magayi. Wanda ya rame, ya ga an daina zancen tiyata, ya ga 'yan'uwa na nesa suna ta zuwa, ya riga ya sani. Abin da ɓoyewar ke haifarwa shi ne kowa ya zauna da nasa sanin shi kaɗai, miji na yi wa mata dariyar ƙarya, ita ma tana yi masa. Ma'aikatan wannan jinya ba sa faɗo wa mutum da labari kamar saukar aradu, ba sa kuma yi masa ƙarya. Tambaya suke yi: “Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Kana so mu yi maganar dalla-dalla, ko ka fi so mu yi da babban ɗanka?” Wani zai ce a gaya masa komai. Wani zai ce a bar shi, a yi da yara. Dukansu haƙƙinsu ne, muddin shi ya zaɓa ba a zaɓa masa ba.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 kan masu ciwon daji da ya yi nisa ya gano cewa waɗanda aka yi irin wannan magana da su ba su fi sauran shiga baƙin ciki ba, sun fi kauce wa na'urar numfashi da ɗakin kulawa ta musamman a makon ƙarshe, iyalansu kuma sun fi samun sauƙin alhini daga baya. Dalilin a fili yake. Wanda ya sani yana biyan bashi, ya mayar da amana, ya nemi gafarar wanda suka ɓata, ya faɗi inda yake so ya cika. Yana kuma faɗin abin da ba ya so a yi masa. Danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, alal misali, yana ceton mai lafiyar da zuciyarsa ta tsaya ba zato, amma ga jikin da daji ya cinye da wuya ya yi amfani, sau da yawa haƙarƙari kawai yake karyawa. Idan ba a yi maganar da rana tsaka ba, za a yi ta ne ƙarfe uku na dare a bakin ƙofar ɗakin gaggawa, tsakanin 'yan'uwan da kowa ke ganin shi ya fi son mara lafiyan.

Mai jinya ma yana buƙatar jinya

A wannan tsari, mara lafiya da iyalinsa abu ɗaya ake ɗaukar su. Mai jinya, wadda yawanci mace ce, mata ko 'ya ko suruka, ita ke ɗaga mutumin da ya fi ta nauyi, ita ke tashi sau huɗu cikin dare, wani lokaci ta bar aikinta. Abu na farko da ake ba ta shi ne koyarwa: yadda ake juya mutum ba tare da ta karya bayanta ba, yadda ake canja zanen gado yana kwance a kai, yadda ake auna magani da sirinji a zuba a gefen kunci. Na biyu lambar waya ce da ake ɗagawa dare da rana. Wannan lamba ƙaramin abu ce a ido, amma ita ke raba tsakanin iyalin da suka kwana a gida da waɗanda suka ɗauki mai gargara a mota suka nufi asibiti saboda firgici. A Birtaniya har akwati ake ajiyewa a gidan da allurai na zafi, amai, fizge-fizge da kakari, don nas ɗin da aka kira cikin dare ta tarar da su a shirye. Na uku hutu ne. A tsarin Amurka ana iya karɓar mara lafiya har kwana biyar a gidan jinya don kawai mai kula da shi ta yi barci.

Ana kuma gaya wa iyali abin da za su gani, domin abin da aka san da zuwansa bai cika razanarwa ba. Barci zai yawaita. Hannu da ƙafa za su yi sanyi, launinsu ya sauya. Numfashi zai riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya dawo. Kakarin da ake ji a maƙogwaro yawu ne da ya kasa haɗiyewa, kuma bisa ga dukkan alamu ya fi damun masu sauraro a kan shi kansa. Juya shi gefe kan rage shi. Nas-nas sun daɗe suna cewa a ci gaba da yi masa magana, kuma wani ƙaramin bincike a Kanada a 2020 ya ga ƙwaƙwalwar wasu da suka daina amsawa tana motsawa idan an kunna sauti.

Bayan rasuwa ba a rufe fayil. Dokar Amurka ta wajabta wa gidajen jinya bibiyar iyali har shekara guda, yawancinsu kuma wata 13 suke yi don su haye ranar da mamacin ya cika shekara, ranar da ciwon kan dawo sabo. Mafi yawan mutane dangi da abokai da addininsu sun ishe su. Aikin masu bibiya shi ne gano 'yan kaɗan ɗin da alhini ya danne har suka kasa komawa rayuwa, da yaran da manya suka manta da su cikin hidimar makoki. Yara marasa lafiya kuma suna da nasu gidajen, na farkonsu Helen House da aka buɗe a Okusfod a 1982, inda jinya kan ɗauki shekaru, 'yan'uwan yaron ma ana kula da su.

Matsalar zuwa a makare

Duk abin da aka lissafa yana buƙatar lokaci, kuma lokacin ne ake hana shi. A Amurka, tun 1982 inshorar gwamnati ta tsofaffi ke biyan kuɗin wannan jinya, bisa sharaɗin likitoci su shaida cewa idan ciwon ya bi hanyarsa mutum ba zai wuce wata shida ba, shi kuma ya amince ya ajiye neman warkewa daga wannan ciwo. Wajen rabin tsofaffin da ke mutuwa a ƙasar suna shiga tsarin. Amma rabin masu shigar ba sa kai mako uku a ciki, da yawa ma kwanaki kaɗan suke yi. A kwana huɗu za a iya kwantar da zafi, ba za a iya sasanta uba da ɗansa ba.

Laifin ba na iyali kaɗai ba ne. Wani bincike a Shikago da aka buga a 2000 ya kwatanta hasashen likitoci da ainihin kwanakin da marasa lafiyansu suka yi, aka tarar a matsakaici sun ninka kwanakin har kusan sau biyar, kuma likitan da ya fi sabawa da mara lafiyan shi ya fi yin kuskure. Likita ma mutum ne, ba ya son sallamawa. Shi kansa wa'adin wata shida lissafin masu biyan kuɗi ne, ba iyakar da jiki ya sani ba. Ciwon daji ya fi sauƙin hasashe. Ciwon zuciya da na huhu da cutar mantuwa kuwa faɗuwa suke yi su tashi, shekara da shekaru. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shiga wannan jinya a gidansa a Fabrairun 2023, bai rasu ba sai ƙarshen Disambar 2024 yana da shekara 100. Ana sabunta shaidar likita, wanda ya samu sauƙi kuma yana iya fita ya koma neman magani.

Wani likitan tiyata a Kanada, Balfour Mount, ya shigar da irin wannan kulawa cikin babban asibiti a Montiriyal a tsakiyar shekarun 1970, aka samu reshen da ake fara rage wahala tun ana tsakiyar neman warkewa. A wani bincike da aka buga a 2010, likitocin wani asibiti a Boston suka raba masu ciwon dajin huhu da ya bazu su 151 gida biyu. Duka ana ba su maganin daji, amma kashi ɗaya an haɗa su da masu rage wahala tun daga farko. Waɗannan suka fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya ragu a cikinsu, suka rage karɓar magani mai tsanani a ƙarshe, kuma a matsakaici suka rayu wata 11.6, sauran kuwa 8.9. Bincike ɗaya ne a asibiti ɗaya, bai kamata a mai da shi alkawarin ƙarin kwana ba. Abin da ya rusa shi ne zaton cewa kiran waɗannan ma'aikata sallama rai ne.

Tsarin ba shi da tsarki daga aibi. A Amurka ana biyan gidajen jinya ne bisa kowace rana, fiye da kashi biyu cikin uku nasu kuma yanzu na 'yan kasuwa ne, an kuma sha kama wasu da rajistar mutanen da ba su kai matakin ba, ko karɓar kuɗi ba tare da leƙa mara lafiya ba. Ko a inda ake aikin da gaskiya, nas sau biyu ko uku take zuwa a mako, sauran awannin duk a wuyan iyali suke, kuma ya kamata a faɗa musu haka tun ranar farko. A Birtaniya an taɓa ɗaukar dabarun gidajen jinya aka mai da su takardar cikewa a asibitoci, wadda aka fi sani da tsarin Libaful. Ma'aikatan da ba su samu horo ba suka riƙa bin ta ido rufe, iyalai suka koka cewa an hana 'yan'uwansu ruwa ba tare da an yi shawara da su ba, wani kwamiti ya bincika a 2013, aka soke ta. Can ma gwamnati wajen kashi ɗaya cikin uku kawai take biya na kuɗin gidajen jinyar manya, sauran daga sadaka da shagunan kayan gwanjo yake fitowa.

Amma duk waɗannan matsalolin waɗanda ke da tsarin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu, mafi yawan mabuƙatan kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na morfin da ake rarrabawa. Ba tsada ce ta kawo haka ba, garin morfin na daga cikin magunguna masu araha. Dokoki ne da aka tsaurara don tsoron masu safara, da likitocin da ba a koya musu rubuta shi ba, da asibitocin da ba sa nema saboda ba a rubutawa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan kulawa ɓangare ce ta aikin lafiya na yau da kullum, amma amincewa a takarda ba ta cika kwalba.

Wasu wuraren sun nuna ba sai da gini mai gado 54 ba. A Harare ta Zimbabuwe an fara bin marasa lafiya gida tun 1979. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa ƙungiyar jinya a Kamfala a 1993, ta sa sharaɗin sai gwamnati ta yarda a shigo da garin morfin. Ana dama shi da ruwa, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa don kada mai jinyar da ba ta iya karatu ba ta rikice, a zuba a roba a kai wa mutum gida, kyauta. Da aka ga likitoci ba za su taɓa isa ƙauyuka ba, a 2004 ƙasar ta gyara doka ta ba nas-nas da jami'an lafiya masu horo na musamman ikon rubuta shi. A jihar Kerala ta Indiya kuma maƙwabta aka horar. Dubban 'yan sa-kai ne ke gano masu ciwo a unguwanninsu, su ziyarce su, su tara gudummawa, likita da nas kuma su biyo baya a mota. A 2008 jihar ta zama ta farko a Indiya da ta mai da wannan aiki manufar gwamnati, ta ɗora shi a kan ƙananan hukumomi da asibitocin matakin farko.